Mai koyon ɗaukar hoto, fara sanin ranar garinku



Ɗaukar hoto na cikin sana'o'in da matasanmu maza da mata suka runguma hannu bibbiyu a 'yan shekarun nan. Duk inda ake ɗaurin aure, ko kamu, ko walimar saukar karatu, ko bikin yaye ɗalibai, sai ka tarar da yara biyu ko uku rataye da kyamara, ban da rundunar masu ɗaga waya. Abin farin ciki ne, domin sana'a ce ta halak da ke iya riƙe gida. Sai dai idan hotunan suka fito, musamman waɗanda aka ɗauka a waje, sau da yawa murnar takan koma ciki. Ga malum-malum ɗin ango tana ɗaukar ido, amma fuskarsa ta zama dunƙulen duhu, ba ka ganin komai sai haƙora. Ga amarya ta runtse ido kamar wadda aka watsa wa barkono. In kuwa aka ce an gyara hoton, to an ɗashe fatarta har mahaifiyarta sai ta ƙura ido kafin ta shaida 'yarta. Ka tambayi mai hoton abin da ya faru, amsar ɗaya ce: kyamararsa ƙarama ce, yana tara kuɗin babba. Ni kuwa ban yarda da wannan uzuri ba. Wanda bai san halin ranar garinsu ba, ko kyamarar miliyan biyar aka ɗora masa a hannu, wannan baƙin hoton zai sake ɗaukowa, illa dai ya fito da girma.

Yawancin 'yan koyonmu a YouTube suke ɗaukar darasi, malamansu kuma mutanen Ingila ne da Amurka da Jamus. Darussan ba su da laifi, amma ranar da suke magana a kanta daban take da tamu. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, Landan kuwa tana kan digiri 51. A tsakiyar Disamba, lokacin da rana ta fi karkata a wurinmu, da tsakar rana takan kai tsayin kimanin digiri 55 a samaniyar Kano. A Landan, a ranar da ta fi kowace tsawo a shekara, iyakarta kimanin digiri 62. Wato abin da yake ƙololuwar bazara a wurinsu, bai fi ranar hunturunmu da wani abin a-zo-a-gani ba. Sau biyu a shekara ma, a ƙarshe-ƙarshen Afrilu da bayan tsakiyar Agusta, rana takan tsaya cak a kan tsakar kan mutumin Kano, inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Bature bai taɓa ganin haka a ƙasarsa ba.

Hasken da ke saukowa daga tsakar ka shi ne mafi muni ga fuskar ɗan Adam. Ƙashin gira yakan yi wa ido rumfa, sai gurbin idanu ya koma rami. Hanci ya jefa inuwa a kan leɓe, haɓa ta rufe wuya, goshi da karan hanci su yi ta ƙyalli. Ƙara hula a kan wannan, ko rawani, ko gaban ɗaurin ɗankwali, sai ka ga rabin fuska ya tafi.

Malaman intanet za su ce maka ka jira sa'ar da suke kira ta zinare, wato sa'a guda bayan fitowar rana ko kafin faɗuwarta, lokacin da haske ke zuwa daga gefe, mai laushi, mai ɗan ja-ja. Gaskiya ne babu hasken da ya fi wannan dacewa da fatarmu. Amma a nan ma akwai gyara. A ƙasashensu rana takan gangara ne a karkace, ta daɗe tana rarrafe a bakin samaniya. A wurinmu kusan a miƙe take faɗawa, kamar an saki guga a rijiya. Wannan haske mai daɗi na la'asar sakaliya da ƙyar yake kai rabin sa'a, kuma bayan faɗuwar rana minti ashirin da 'yan kai ne duhu ya rufa. Wanda ya ce wa amarya ta fito ƙarfe shida, mai kwalliya ta riƙe ta zuwa shida da rabi, to a watan Nuwamba sai dai ya ɗauki hoton taurari. Ɗan koyo ya riƙa isa wurin tun bayan sallar la'asar, ya zaɓi inda zai tsayar da mutum, ya gama gwaje-gwajensa kafin hasken ya iso.

Matsalar ita ce al'amuranmu ba sa jiran la'asar. Ana ɗaura aure ne da ƙarfe sha ɗaya na safe ko bayan an sauko daga Juma'a. Hoton sallah kuwa bayan an taso daga idi ake yin sa, rana ta riga ta ɗaga. Ba mai hoto ne zai sauya wa jama'a lokaci ba. Don haka ilimin da ya fi zama dole a kansa shi ne yadda zai yi da tsakar rana, kuma wannan ilimi yana farawa ne da fahimtar yadda kyamara ke auna haske.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kyamara kuwa mudu ce zalla. Ma'aunin hasken da ke cikinta an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabanta, in aka haɗa fari da baƙinsa, zai tashi a launin toka matsakaici. Idan ka tsayar da mutum cikin farar shadda wadda ta cika hoton, sai kyamara ta ga haske ya yi yawa, ta rage shi don ta mayar da farin ya zama toka. Ta rage wa riga, ta rage wa fuska, fuskar da dama can ita ce mafi duhu a wurin. Asalin baƙin hoton ango ke nan. Maganin farko mai sauƙi ne. A waya, ka taɓa fuskar mutum a kan allo don ta auna daga nan, sannan ka ja alamar ranar da ke fitowa zuwa sama kaɗan. A kyamara, akwai maɓalli mai alamar tarawa da ɗebewa. Ƙara mataki ɗaya, ka duba. Amma za ka lura da wani abu: da fuska ta fito, sai riga ta ƙone, aikin wuyan da madinki ya yi mako uku yana yi ya ɓace cikin fari fat. Tazarar da ke tsakanin farar shadda a rana da baƙar fuska a ƙarƙashin hula ta fi ƙarfin abin da kyamara ke iya ɗauka a lokaci guda. Idon mutum yana iyawa, ita ba ta iyawa.

Wannan rauni yana da tarihi. A zamanin fim, tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak yana rarraba wa ɗakunan wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, da shi ake daidaita launin injin. Fatar Bature ita ce mizani, kowa kuma sai ya samu abin da ya samu. Binciken da wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta wallafa a 2009 ya nuna cewa cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya inganta yadda fim ɗinsa ke ɗaukar launuka masu duhu har da ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Mai karatu ya auna wannan da kansa. Sai a 2021 kamfanin Google ya fito yana tallar cewa wayarsa Pixel 6 an koya mata ɗaukar baƙar fata yadda take. An samu ci gaba ƙwarai, amma har gobe mai hoton da ya sallama wa na'ura komai, na'urar za ta riƙa ba shi kunya a gaban baƙin mutum.

Tun da ba za a iya faɗaɗa abin da kyamara ke ɗauka ba, sai a rage tazarar. A fitar da mutum daga rana, a kai shi inuwa. Sai dai inuwa suna ta tara. Ɗan koyo yakan ruga ƙarƙashin darbejiya, alhali inuwar darbejiya da ta mangwaro ba su cika zama cikakku ba: rana na tsiyayowa ta tsakanin ganye, ta yi wa fuska dabbare-dabbare kamar jikin damisa, ganyen kuma ya shafa wa fata ɗan kore-kore. In bishiyar ce kaɗai ake da ita, a nemi gefen da inuwarta ta yi kauri, a duba fuska da kyau kafin a danna. Inuwar da ta fi ita ce ta gini: gindin doguwar katanga, baranda, rumfar masallaci, ko bakin zaure.

Bari in ɗan tsaya a kan zaure, domin kakanninmu sun gina mana ɗakin ɗaukar hoto ba tare da sun nufa ba. Ka tsayar da mutum taku ɗaya ko biyu daga cikin ƙofar zaure, yana fuskantar waje, kai kuma ka tsaya a waje ka ba rana baya. Rufin zaure ya tare hasken da ke dukan tsakar ka. Abin da ya rage shi ne hasken sararin samaniya da wanda ke tasowa daga ƙasa, yana shigowa ta ƙofa a shimfiɗe, ya lulluɓe fuska gaba ɗaya. Bayansa kuma duhun zaure ne, babu abin da ke jan ido. A irin wannan wuri za ka ga wani ɗan ɗigon haske ya bayyana a ƙwayar idon mutum, wanda shi ne ke sa hoto ya zama kamar mai shi zai yi magana. Ƙofar shago, ƙofar gareji, ƙofar aji a makaranta, duk aikin ɗaya suke yi. Sharaɗin kawai kada a cusa mutum can ciki, a bar shi a daidai inda inuwa ta fara.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan haske ya fi karɓar fatarmu. Baƙar fata tana da sheƙi, kuma da wannan sheƙin ne siffar fuska ke fitowa, kunci ya bambanta da goshi. Idan hasken ƙarami ne mai kaifi, kamar rana tsirara ko filashar da ke kan kyamara, sheƙin yakan taru wuri guda ya zama farin tabo kamar an ɗiga man gyaɗa. Idan kuwa hasken mai faɗi ne, kamar ƙofa ko sararin sama, sai sheƙin ya bazu a hankali, fata ta fito sumul. Shi ya sa ranar da hadari ya rufe rana a damina, ko ranar da hazo ya yi kauri a hunturu, mai hoto ya samu garaɓasa: samaniya gaba ɗaya ta zama fitila guda mai laushi. Hazon dai yana kashe launi, ƙurarsa kuma ba ta barin kyamara lafiya, don haka kada a riƙa cire idon kyamara a fili lokacin buji. Sannan hankici ko tishu a aljihu, don mutum ya share gumi da maiƙon goshi kafin a ɗauka, ya fi awa guda ta gyara a kwamfuta.

In babu inuwa sam, kamar a filin idi, sai a juya mutum ya ba rana baya ko gefe, don ya samu ya buɗe ido. Fuskarsa yanzu tana cikin inuwar kansa. A nan ake bukatar abin da zai tare haske ya mayar mata. Ana sayar da faifan mayar da haske mai naɗewa, amma farin kwali babba, ko farin zanen gado, ko bangon da aka shafa wa farar ƙasa, duk suna biyan bukata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai a samu yaro ya riƙe kwalin daga gefe, daidai ƙirji, yana karkata shi har a ga duhun ƙarƙashin hula ya washe. Har ita farar rigar da ke ba da wahala tana iya zama mataimakiya, domin in mutum ya ɗan sunkuyar da kai, haskenta na komawa fuskarsa.

Wanda yake ganin duk wannan dabarar talaka ce, ya nemi hotunan Seydou Keïta na Bamako ya kalla. Kafinta ne tun asali. A 1935 kawunsa ya kawo masa ƙaramar kyamarar Kodak daga Senegal, a 1948 kuma ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a unguwar Bamako-Coura. Galibin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken Allah, yana rataya zane a bango a bayan mutum. Zanen gadonsa ma ya fara ratayawa. Saboda tsadar fim, sau ɗaya yakan danna wa kowane mutum. Bamako kuwa kusan kan layi ɗaya take da Kano, ranarsu irin tamu ce, fatar mutanensa irin tamu, tufafinsu manyan riguna da atamfa. Amma a hotunansa kana ganin zaren aikin riga kana kuma ganin ƙwayar ido. A 1991 an baje wasu hotunansa a New York ba tare da an ma san sunan mai su ba, daga nan aka bi sawu har aka gano shi. Ya rasu a 2001, kuma a 2016 aka yi babban baje kolin ayyukansa a Grand Palais da ke Paris. Wayar da ke aljihun ɗalibin sakandare a yau ta fi kyamarar Keïta sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Abin da ya mallaka shi ne sanin wane lungu na tsakar gidansa ke da haske mai kyau a wane lokaci, da haƙurin gyara wa mutum zama da ajiye hannu kafin ya danna.

Bayan haske sai tazara. Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, daidai da milimita 24 zuwa 26. Wannan faɗi kan sa ɗan koyo ya matso har kusa da hancin mutum don ya cika hoton, kuma duk abin da ya fi kusa da kyamara shi ke kumbura: hanci ya yi girma, kunnuwa su ja baya, fuska ta koma kamar an leƙa bayan cokali. A ja baya taku uku, a danna 2x ko 3x in wayar tana da shi. Ga mai kyamara, in akwai abin da zan ce ya tara kuɗi ya saya, to idon kyamara ne mai milimita 50 da ke buɗewa zuwa f/1.8, wanda yake cikin mafi arha a wurin Canon da Nikon da Sony. Yana narkar da abin da ke bayan mutum, ya bar shi shi kaɗai. Amma a yi hattara: a f/1.8 abin da ke fitowa tar siriri ne ƙwarai, dole saiti ya sauka a kan idon da ya fi kusa da kai. In mutum biyu ne ko uku, a rufe zuwa f/4 ko f/5.6, in ba haka ba ango ya fito amininsa ya dushe. Saurin ƙiftawa kuma kada ya gaza 1/200, musamman da yara. A kuma saba da zagaya ido gefe huɗu na hoto kafin a danna, don turken lantarki da ke tsirowa daga hular mutum da baƙar ledar da ke maƙale a waya ba sa ganuwa sai an koma gida.

Batun ɗashe fata kuwa, ba zan ɓoye ra'ayina ba. Da yawa daga masu hoton da ke mayar da amare farare ba don amaren sun roƙa suke yi ba. Hoton ne ya fito da duhu, suka ja haske da ƙarfi don su ceto shi, fata ta koma toka-toka, sai suka bi ta da filta don su rufe ɓarna. A hankali jama'a suka ɗauka haka hoton biki yake. Yarinyar da ta ga kanta fara a hoton aurenta, kowa yana yabawa, wane saƙo aka isar mata game da fuskar da take gani a madubi? Muna kuka da man bilicin da ke lalata fatar 'ya'yanmu, bai kamata mai kyamara ya zama ɗan tallarsa na kyauta ba. Hotunan nan kuma su jikoki za su buɗe nan da shekara hamsin don su ga kamannin kakarsu. Wanda ya karɓi kuɗin mutane don ya ɗauke su, su ɗin ya kamata ya miƙa musu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai mu'amala da wanda ake ɗauka. Mutanenmu suna sandarewa a gaban kyamara, dattijo ya ƙame kamar mai hoton fasfo, budurwa ta rasa inda za ta kai hannunta. Umarnin a yi murmushi ba ya haifar da komai sai yaƙe. A gaisa, a yi hira, a ba hannu aikin yi, carbi ne ko gefen mayafi ko sanda, a ɗan karkata kafaɗa, sannan a sauko da kyamara daidai tsayin idon mutum, ko da yaro ne sai an durƙusa. Kuma a nemi izini. Marinar Ƙofar Mata da gindin Dala da kasuwar Kurmi wurare ne masu daɗin hoto, amma mutanen da ke cikinsu neman abincinsu suke yi, ba ado ne aka jera wa mai kyamara ba. Haka nan hoton matar aure ko 'yar mutane da aka biya ka ka ɗauka, ba ka da hurumin ɗora shi a Instagram don tallar aikinka sai da yardarsu. Gidaje da dama sun daina barin mai hoto ya shiga wurin mata saboda wannan.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada bikin mutane ya zama wurin gwajinka. Ga aikin gida na mako guda. Ka samu ƙaninka ko abokinka, ya sa farar riga da hula. Ka ɗauke shi a wuri ɗaya da ƙarfe bakwai na safe, da sha biyu, da uku, da biyar da rabi. Da tsakar ranar ka ɗauke shi sau huɗu: a rana tsirara, a ƙarƙashin bishiya, a bakin zaure, sannan ya ba rana baya ana riƙe masa kwali. Kada ka gyara ko ɗaya. Ka jera su a allon kwamfuta, ko ka kai a wanke maka su a kati, domin allon waya yana ƙawata abin da bai kai ba. A kowane hoto ka duba abu biyu: ana ganin ƙwayar ido, kuma ana ganin zaren aikin wuya? Ka rubuta lokaci da wurin da duka biyun suka fito. Washegari ka sake da mace cikin atamfa mai duhu da mayafi, domin ita ma lissafinta daban ne: a nan kyamara ƙara haske take yi fiye da kima, sai an rage mata.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba hoton taro, da yadda ake tsayar da mutum talatin a ƙofar masallaci kowa ya fito.